Uwar Kaset da Na Hana Aro

Shekara da shekaru ana ce mini marowaci a danginmu, duk a kan kaset ɗin bidiyo guda ɗaya tak. Ni tela ne, kuma kowa a Ƙafin Maiyaki ya san hannuna a buɗe yake. Almakashina ma yawo yake yi shago-shago, sai na bi sawunsa kafin in yi yanka. Amma wannan kaset, ko Yayana da muka fito ciki ɗaya bai taɓa kwana da shi a ɗakinsa ba. A lokacin sunan yana yi mini zafi, yau kuwa in an faɗa har ƙirji nake bugawa.

Asalin maganar Baba ne. Manomi ne a ƙauyenmu can wajen Ɗansoshiya, kuma tunda yake bai taɓa sayen irin dawa a kasuwa ba. Kaurar da yake shukawa ita ya tarar a hannun mahaifinsa. In kaka ta yi, shi da kansa zai bi gona yana zaɓen zangarniya, ya sussuke, ya gauraya da toka, ya ɗura a tulu, ya liƙe bakin da laka. Labarin ya kai kunnen malamin gona, shi kuma ya kawo ma'aikatan gidan talabijin daga Kano, masu shirin manoma. Baba ba shi da hoto ko na rantsuwa. Ba wai yana ƙin abin ba ne, cewa yake yi, “Mai son ganina ya zo, ina zaure.” Da ƙyar ya yarda, shi ma don an ce masa matasa za su koya. Suka ɗauke shi a bakin rumbu, daga wajen sussuka ya taso, ko riga bai sake ba. Da za su tafi suka ce za a nuna ranar Juma'a ta sama, bayan la'asar. Sau ɗaya za a nuna, wanda ya gani ya gani.

A lokacin ni kaɗai ne mai injin bidiyo a danginmu. Na hannu ne, na sayo shi a Kano tare da talabijin mai kala, kuma na fi ji da shi a kan keken ɗinkina. Ina ɗaukar tafsiri da azumi, ina ɗaukar wasan kwaikwayo saboda matan gida da ba sa samun zama lokacin da ake yi. A gaban injin akwai wani ɗan maɓalli, mu muna ce masa gajere da dogo. In ka sa a gajere, kaset ɗin awa uku zai ci awa ukunsa, hoto ya fito tas. In ka tura dogo, zai ci awa shida, amma fuskar mutum sai ta koma kamar an shafa mata koko, jan kaya ya riƙa zuba a gefe. Kowa a garin nan dogo yake sawa. Kaset yana da tsada, kuma an saba, in dai ana jin magana ana ganin motsi, ai shi ke nan. Ni ma ba zan yi ƙarya ba, a dogo nake ɗaukar wasan kwaikwayo.

Ranar Laraba Yaya ya zo shago da wani tsohon kaset a aljihu, wanda an ɗauki abu a kansa an goge ya fi sau goma. Yaya ɗan kasuwar hatsi ne, mutum ne da ko ƙwayar masara ta faɗi ƙasa sai ya sunkuya. Ya ce, “Ga shi, akwai sauran wuri a ƙarshe. Ka sa a dogo, Baba zai shiga, har a samu na wani abu.”

Na ajiye almakashi. Na ce, “Yaya, Baban namu za a sa a gindin wasan kwaikwayo? A dogo?”

“To, mene ne? Ba shi ba ne zai fito?”

Na jawo sabon kaset daga ƙarƙashin tebur, yana cikin ledarsa, na je har Kano na sayo. Na ce a gajere zan ɗauka, kuma ba abin da zai ƙara hawa kansa. Yaya ya riƙe baki. Ya ce shirin rabin awa, kaset na awa uku, sauran awa biyu da rabi a bar wa aljanu? Ya ce wannan almubazzaranci ne, ya ce ɗinki ya sa mini son ƙyale-ƙyale. Raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. Na ce araha ba ta ado, kuma in shi buhun dawa yake gani, ni ubana nake gani. Na san na wuce gona da iri, babban wa uba ne. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya fita ko sallama babu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar Alhamis na aro janareta, don ba zan jingina fuskar Baba da wutar da ke zuwa lokacin da ta ga dama ba. Na san kuma in janareta yana kusa, layuka ne ke ratsa hoto, saboda haka na kai shi can bayan gida na jawo doguwar waya. Na goge kan injin da farin ƙyalle da ɗan sifirit. Eriyata tana kan gora biyu da aka ɗaure, tana fuskantar Kano, don daga nan nesa ce, in ba ta yi sama sosai ba sai ka ga hoto kamar an watsa masa gero.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci tsakar gidana ta cika. Yaya ma ya zo, ya zauna can gefe bai kalle ni ba. Ana saura kaɗan a fara, iska ta taso. Ba wata babbar iska ba ce, amma ta isa ta karkata gora, hoto ya watse, sai shuuu kake ji. Innalillahi! Na tsaya da yatsa a kan maɓallin ɗauka, ban san in fita ba ko in zauna. Ban ankara ba sai na ji muryar Yaya daga waje: “Kai, ina magana! Ya fito?” Ashe ya fita ya rungumi gorar.

“Dama kaɗan, Yaya!”

“Yanzu fa?”

“Ka zarce! Dawo! Tsaya nan, don Allah kar ka motsa!”

Bai motsa ba. Rabin awa cur yana tsaye a rana da babbar rigarsa ta Juma'a, ya rungume gora, iska tana ja yana ja. Jama'a na ciki suna kabbara suna “Ga Malam! Wallahi ga Malam!” shi kuwa ko inuwar shirin bai gani ba. Hoto ya tsaya cak har aka gama. Na fitar da kaset ɗin, na sa tsinken almakashi na ɓalle ɗan haƙorin da ke gindinsa, wanda in babu shi inji ba zai yarda a ɗauki wani abu a kai ba. Yaya ya shigo yana zuba gumi, kafaɗarsa ta sage. Abin da ya ce kawai, “To, an dai yi asarar awa biyu da rabi.”

Washegari masu neman aro suka fara sallama. A wurinmu ba a hana aro. Turmi, tsani, jaki, tabarmar taro, duk na kowa ne, kuma wanda ya hana sai an yi shekara ana ba da labarinsa. Amma ni na san abin da aro ke yi wa kaset. Duk shigarsa inji sai zaren ya ɗan ci, wani injin kansa da datti, wani ya tauna. Na kuma san mutanenmu, haƙorin da na ɓalle ba zai hana su ba, salatif za su manna a ramin su ɗauki biki a kai, su dawo suna “Wallahi yara ne.” Sai na aro injin wani abokina na haɗa da nawa, na juye shirin a wani kaset. Na ainihin na sa masa suna uwa, wanda na juye na sa masa 'ya. 'Yar ce ke yawo. Ba ta kai uwar kyau ba, dole, don duk juyi sai hoto ya rage. Wasu suka juye daga 'yar suka samu jika, daga jika aka samu tattaɓa-kunne, har ta kai wanda ke yawo a Tudun Wada da Doguwa in ba an gaya maka ba, ba za ka san mutum ne ko kututture ba. Duk wanda ya ce a ba shi uwar sai in ce a'a. Daga nan sunan marowaci ya bi ni. Wata gwaggonmu ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Baba da kansa sau ɗaya ya kalla, wata ranar kasuwa da ya biyo ta shago. Na sa masa uwar, ina jira ya yaba. Ya kalli kansa, can ya girgiza kai ya ce, “Kash. Na manta ban gaya musu tokar karan dawa ta fi ba.” Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Inna kuwa ƙememe ta ƙi. Na yi na yi, ta ce, “Ni in zauna gaban 'ya'yana da surukaina ina ƙura wa Malam ido? Wace irin rashin ta ido ce wannan? Mutumin da nake kai wa tuwo kullum, me zan gani a akwati?” Na ƙyale ta.

Yadda na ajiye uwar, daga bakin Baba na ɗauka, a cikin shirin ma ya faɗa: abokin gabar iri laima ce. Na ga yadda damina ke sa wa kaset funfuna, fari-fari a jikin zare, in ya kama kuwa sai dai haƙuri. Na naɗe ta a farin yadi, na sa a gwangwani mai murfi, na ƙulla toka a ƙyalle na jefa ciki, na ɗora can saman kabad, nesa da ƙasa. Duk shekara in rani ya yi nakan fito da ita, in sa a inji in tura zaren har ƙarshe in dawo da shi ba tare da na kalla ba, don kar ya manne. Matata takan ce, “Yau kuma an fito da amarya shan iska?” In ce mata eh, kuma ta fi wasu jin magana.

Baba ya rasu bayan wata kaka, ya riga ya liƙe tulunsa na shekarar. Allah ya jiƙansa. Ba a daɗe ba injina ya mutu, aka nemi kayan gyaransa aka rasa. Zamani ya juya, faifai ya zo ya kori kaset, waya ta zo ta kori faifai. Daga nan da hannu nake juya zaren, ina sa yatsa a ramin ina murzawa a hankali. An sha ce mini in kai a juye mini a faifai, ni kuwa tsoro ya hana ni. Na ga injinan da suka rage a shagunan juyi, na ga yadda suke cin kaset ɗin mutane. Na gwammace in riƙe ta a rufe da in miƙa wa wanda bai san darajarta ba. Ko wannan dabara ce ko wauta, har yau ban yanke ba.

Abin da ya tayar da maganar, ɗan Yaya ne ya samo wani jikan kaset a gidan gwaggo, ya kai aka sa masa a waya, ya zaga wayoyin dangi. Yaran gidanmu da ba su riski Baba ba suka ɗauka haka kakansu yake, wani farin abu mai motsi da murya kamar daga cikin rijiya. Aka kai wa Inna. Lokacin ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta fara rufe mata guda ɗaya. Ta kai wayar kusa da fuska, ta daɗe, sannan ta miƙa musu ta ce, “Wannan wane ne?”

Da na je gaishe ta ranar Juma'a, ta bari kowa ya fita. Ta ce, “An ce na ainihin yana wurinka.”

Na ce, “Yana nan, Inna.”

Ta murza bakin zaninta. Ta ce, “Muryarsa ina jinta. Tafiyarsa ma in na rufe ido ina gani. Fuskar ce take ɓace mini. In na kamo goshi sai baki ya tafi.” Ta ɗago. “Kafin ɗaya idon ya bi ɗan'uwansa, ina so in gani.”

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tsoro kuma ya kama ni, don shekaru sun fi ashirin ban ga abin da ke cikin kaset ɗin nan da idona ba. Ko hoton yana nan, ko ya mutu a gwangwani ina ta yi wa gawa hidima, Allah kaɗai ya sani. Ga shi ba inji.

Yaya ne ya samo injin. Duk kasuwar da ya je awo sai ya yi cigiya, har aka kwatanta masa wani tsohon mai gyaran rediyo a Bebeji da ke da guda a ƙarƙashin tarkace. Ya ɗauko injin da mai gyaran gaba ɗaya a kan babur. Mai gyaran ya miƙo hannu in ba shi uwar, na ce Allah ya kiyaye, a fara da 'ya. Aka sa 'yar. Ko minti ɗaya ba a yi ba muka ji ƙurrr, inji ya tauna zaren, ya fito da shi a cukurkuɗe kamar taliya. Na dafe kai. Na ce a mayar da injin, na fasa, ba zan kashe ta da hannuna ba.

Yaya ya dube ni. Ya ce, “Kai, wa ka ajiye wa? Ƙuda? Shekara nawa kana hana mutane, mun yi shiru. Yau mai ita ta tambaya. Baba ma da yake liƙe tulu, in ruwa ya sauka fasa bakin yake yi.”

Ban taɓa jin magana ta shige ni irin wannan ba, kuma haushi ya kama ni don ya fi ni gaskiya. Mai gyaran ya buɗe injin, ya ce wata roba ce ta saki. Kwana biyu yana nema, ya samo, ya sa, ya goge kan, muka gwada da tsofaffin kaset uku, duk suka wuce lafiya. Ya kuma zo da na'urar da za ta kwashe hoton zuwa kwamfuta a daidai lokacin da ake kallo, don mun san wataƙila sau ɗaya uwar za ta yarda.

Da hantsi muka haɗa kayan a ɗakin Inna, aka rataya zani a taga saboda haske. Ta ce kar a tara mata jama'a, daga ni sai Yaya sai mai gyara, shi ma ya juya baya yana fuskantar na'urarsa. Muka matso mata da talabijin har tana iya taɓawa. Na buɗe gwangwani, na warware yadin, na duba zaren ta ɗan gilashin, baƙi wuluk, ba ɗigon funfuna. Na yi bisimilla na tura.

Aka ɗan yi layuka, hoto ya yi tsalle sau biyu, sannan ya zauna. Ga rumbu, ga tulu, ga Baba. Ba inuwa ba, Baba! Tsagar da ke kumatunsa, wushiryarsa, zaren hularsa da ya fara tashi, ƙwayar kaura a tafin hannunsa ɗaya bayan ɗaya, har da launinta. Yaya ya ce “Allahu akbar” a hankali. Sai a lokacin na tuna shi ma bai taɓa ganin uwar ba, 'yar kawai ya sani.

Abu na farko da Inna ta yi, ta jawo mayafinta ta gyara lulluɓi, kamar yadda take yi in Baba ya yi gyaran murya a ƙofar ɗaki. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Baba yana bayanin toka, aka matso da fuskarsa ta cika akwatin. Sai na ga ta ɗaga hannu, ta kai yatsu biyu wajen gemunsa, tana tsinkar wani abu a jikin gilashi. Na duba da kyau. Ƙaiƙayi ne, ɗan guntu, ya maƙale a gemun tun daga wajen sussuka. Ni da na ɗauka ban taɓa lura da shi ba.

Ta ce, “Haba Malam. Haka ka tsaya gaban baƙi?” Ta sake kai hannu. “Kullum sai na cire masa kafin ya fita. Ranar nan ina wajen daka.”

Kaset ya ci gaba har shirin ya ƙare, sauran awa biyu da rabin da ba komai a kai suka fara, shuɗi kawai. Mai gyara ya ce ya kwashe duka, ba abin da ya tsere. Yaya ya share fuska da hannun riga, ya dube ni ya ce, “A dogo da ba a ga ƙaiƙayin nan ba.” Bai taɓa ba ni haƙuri a rayuwarsa ba, kuma na san iyakar abin da zan samu ke nan. Na ce, “Da ba a riƙe gora ba, da ba a ga gemun ba ma.”

Inna ba ta saurare mu ba, har yanzu hannunta yana kan gilashin. Ta juyo wajena da idon nan guda mai gani, ta ce, “Kai marowaci, Allah ya yi maka albarka. Mayar da shi farko, ban gama ganinsa ba.”